Kafin a Tafi Dogon Hutu: Aikin da Ya Rage wa Kwamitin Iyaye da Malamai

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A farkon shekarar karatun nan aka zaɓe ni sakatariyar ƙungiyar iyaye da malamai ta firamaren gwamnati da 'ya'yana ke zuwa. Ga shi zango na uku ya raba tsakiya, kuma duk zaman da muka yi maganar ba ta wuce ta bikin rabon kyaututtuka: rumfa, kujeru, lemo, da wanda za a gayyato. Ni kuwa jikina yana ba ni akwai abin da muke mantawa. Me ya kamata kwamiti ya yi kafin a rufe makaranta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya taya ki riƙo. Jikinki bai yi miki ƙarya ba. Na riƙe makaranta shekaru a matsayin hedimasta, da na ajiye aiki kuma iyaye suka ɗora mini shugabancin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, a makarantar da jikokina ke zuwa, saboda haka kujerun biyu duk na zauna a kansu. Kwamitin da ya buɗe zancen ƙarshen shekara da rumfa da lemo, shi za ki tarar a watan Satumba 'yan cikinsa suna nuna wa juna yatsa. Biki na yini ɗaya ne, ko malamai biyu da 'yan aji shida kuka bar wa shi za su fitar da ku kunya. Abin da ba mai yi muku shi ne lissafin amanar da iyaye suka damƙa muku. Da shi za ku fara, kuma tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki nemi shugaba da ma'aji ku sa rana, kamar mako uku ko huɗu kafin a rufe. Ku zauna da littafin shiga da fitar kuɗi, da kwafin rasit ɗin da ya rage a jikin littafinsa, da takardar bayanin asusu daga banki, sannan ku roƙi hedimasta ya kawo rajistar kowane aji. Rajistar nan ita ce ma'auni. A ce, don misali kawai, makarantarku tana da yara 600, kuma taron iyaye ya amince da naira 200 a kowane zango. A zango uku ya kamata a ga naira 360,000. Idan littafi ya nuna 250,000, kada kowa ya yi saurin kiran sunan ɓarawo. A cikin giɓin akwai marayun da aka yafe wa, akwai yaran da sunansu ke rajista amma tun zango na farko suka daina zuwa, akwai waɗanda ba su biya ba, akwai kuma kuɗin da yaro ya miƙa wa malamin ajinsu, malamin ya sa a aljihu da niyyar kai wa ma'aji, gobe ta zama jibi. Sai an bi aji-aji ake rarrabe waɗannan. Shi ya sa nake cewa a fara da wuri, tun malamai suna nan, tun ana iya aika yaro ya tambayo uwarsa ko an ba ta rasit.

Ku lura da 'yan kuɗaɗen da banki ke yanka: na saƙon waya, na kula da asusu, da naira 50 ɗin nan da ake cirewa a kan turawar da ta kai naira 10,000. Ba su da yawa, amma na ga taro ya hargitse a kan naira dubu biyu da 'yan kai da aka rasa inda suka shiga, alhali suna nan rubuce a takardar banki, ba wanda ya duba. A rubuta su a layinsu, da sunansu.

Akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, wato iyaye su riƙa tura kuɗin PTA cikin asusun ma'aji na kansa, ko na wani mai POS a bakin makaranta. Idan haka ake yi a wurinku, wannan hutun ne lokacin kashe ta. Ba zargin kowa nake yi ba. Mutumin kirki ma, idan kuɗin cefanensa da na jama'a suka kwana a tukunya ɗaya, ranar rabuwa sai an yi rantsuwa. Asusun ƙungiya ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, kuma kuɗi ba ya fita sai da hannun biyu daga cikinsu.

Idan kun gama naku, ku miƙa littafin ga iyaye biyu da ba sa cikin kwamiti su duba. Ba sai akanta ba. Ɗan kasuwa mai riƙe da littafin bashin shagonsa, ko matar da ke uwar adashi, sun san inda lissafi ke ɗingishi fiye da wasu masu digiri. Daga nan sai babban taron iyaye. A karanta lissafin da Hausa, a rubuta shi a kan allo yadda kowa zai gani: abin da aka gada daga bara, abin da ya shigo, abin da aka kashe da abin da aka kashe shi a kai, da abin da ya rage. A liƙa kwafi a bangon ofishin hedimasta. Za a yi tambayoyi, wasu ma da gatse. Ku amsa da sanyin rai. Uban da ya tsaya ya titsiye ku a kan kuɗin alli ya fi muku amfani a kan wanda ya yi shiru a taro ya je majalisar ƙofar gida ya ce ana cin kuɗin yara.

Shi kansa taron, a duba lokacinsa. Yuli tsakiyar aikin gona ne, wanda ya kira taro da hantsi ranar aiki ya kira kujeru ne. Bayan la'asar ranar Asabar ko Lahadi ya fi, kuma ban da ranar kasuwa. Takardar da aka ba yaro ya kai gida, rabinta a cikin jaka take ƙarewa tare da ɓawon gyaɗa, don haka a haɗa da sanarwa a masallatai, a sanar da mai unguwa, a tura saƙon murya ta WhatsApp. Ke kuma da kike mace a kwamiti, ga inda za ki fi kowa amfani: iyaye mata su ne suka san wane yaro ne ya daina zuwa da dalilinsa, amma da yawansu ba za su yi magana a gaban maza ba, wasu ma ba za su zo ba. Ki shirya musu zama nasu a wani gida, ki karanta musu lissafin, ki kawo wa kwamiti abin da suka faɗa.

Tunda makarantarku ta gwamnati ce, akwai magana ɗaya da nake so ki riƙe da kyau. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Kuɗin PTA gudummawa ce da iyaye suka ɗora wa kansu. Ƙarshen shekara kuwa shi ne lokacin da ake jarabtuwa da riƙe katin sakamakon yaro, ko a hana shi shiga jarrabawa, sai ya biya. Kada kwamitinku ya yarda a yi wannan da sunansa. Bashin na uba ne, ba na yaro ba, kuma yarinyar da aka tsayar a gaban aji a kan naira ɗari biyu, wataƙila daga ranar ba za ta sake dawowa ba. Ku kuma tambayi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku abin da jiharku ta yarda a karɓa, domin ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma takan canza.

Sai bashin da ake bin ku. Kafintan da ya gyara benci, mai waldar da ya ɗaura ƙofa, mai shagon da aka karɓi alli da rajista a wurinsa aka ce sai ƙarshen wata. Ku biya su kafin a kashe ko sisi a kan biki. Wanda ba za a iya biya ba, a kira shi a gaya masa gaskiya, a rubuta adadin da ranar biya, kowa ya sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma sai ki ga kwamiti guda na alhazai da malamai ana bin sa kuɗi ba a rubuce ko'ina ba sai a kan shugaba.

A cikin masu bin ku, waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne malaman da PTA ke biya. Kusan kowace makarantar da na sani tana da su: saurayi ko budurwa mai NCE da ba a ɗauka aiki ba, yana riƙe da aji guda a kan ɗan alawus da ko kuɗin mota ba ya isa. Malamin gwamnati albashinsa na tafiya ko ana hutu. Shi wannan, da an rufe ƙofa shi ke nan, domin kuɗin PTA ba ya shigowa a watan Agusta. Sai a dawo a Satumba a tarar ya kama tuƙin Keke Napep ko ya koma wata makarantar kuɗi, aji uku ba malami, a fara cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Ina laifinsa? Ku zauna da kowannensu kafin hutu. Ku biya duk abin da yake bi. Idan asusu zai ɗauka, ku ba shi ko rabin alawus na watan hutu, ku kuma faɗa masa a fili ko kuna bukatarsa a sabuwar shekara. In da za a ba ni zaɓi tsakanin hayar rumfa da kujeru da riƙe malamin lissafi, ba sai na yi tunani ba, yara su zauna a gindin darbejiya.

Haka maigadi. Lokacin da makaranta ta fi bukatarsa shi ne lokacin da aka fi mantawa da shi.

Wannan ya kawo ni kan ginin. Dogon hutunmu yana faɗawa ne a tsakiyar damina, kuma Agusta shi ne watan da ruwa ya fi nauyi a yawancin ƙasar Hausa. Makarantar da aka bari mako shida ko fiye ba kowa, ba yadda aka bar ta ake samun ta ba. Ku ɗauki yini guda ku zagaya, ku da hedimasta da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Mutane kan haɗa biyun nan, amma ba ɗaya ba ne: PTA ta iyaye ce da malamai, SBMC kuwa ta ƙunshi al'umma gaba ɗaya, da mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a. A wajen tsaron makaranta lokacin hutu bakinsu ya fi naku kaiwa, don haka kada ku yi kishi da su.

Ku ɗaga kai ku dubi kwano. Fallen da ya ɗaga baki yau ƙusa ce ta 'yan ɗaruruwa, idan iska ta same shi rufin aji ne gaba ɗaya. Littattafai da rajista a ɗauke su daga ƙasa, a ɗora a kan tebur nesa da bango da taga, saboda gara da laima. Benci da tebura a ƙirga su, a rubuta adadin, a tara su a azuzuwan da ke da ƙofa da makulli. A share magudanar ruwa. Idan akwai famfon burtsatse, a san wanda zai kula da shi, tunda unguwa ba za ta daina ɗiba ba don ana hutu. A yi maganar masu ƙwallo, da masu neman aron fili don biki, da samarin da kan mayar da ajin da ba ƙofa wurin shaye-shaye. Sai kuma filin makaranta. Idan ba ku da katanga, damina ce lokacin da maƙwabci ke ƙara kunya biyu ta masara a gefen fili, baɗi ya ƙara uku, shekara biyar sai ki ji ana cewa ai gonar gado ce. Idan za a ba wani aron wuri ya noma, a rubuta, mai unguwa ya shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran da ya fi ƙarfinku, kamar ajin da ya tsage ko bandakin da ya rufta, ba aikin PTA ba ne ta ɗauka a ka. Ku rubuta wa sakataren ilimi, ta hannunsa zuwa SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ku haɗa da hotuna, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Ba na ce za a zo gobe ba. Amma ranar da aka tashi rabon ayyuka, makarantar da ke da takarda a fayil tana gaban wadda ke da ƙorafin baka.

Yanzu ga abin da kusan kowane kwamiti ke mantawa, kuma ina jin shi ne jikinki ke gaya miki: 'yan aji shida. Ana yi musu waƙa, a ɗauki hoto, a sallame su, daga nan ba wanda ya sake tambayar ina suka shiga. A tsakanin firamare da aji ɗaya na ƙaramar sakandare ne yara da yawa ke zubewa, musamman mata. Ba kullum ne don iyaye sun ƙi ba. Wani lokaci sakandaren tana da nisa, wani lokaci kuɗin sabon yunifom ne, wani lokaci uban bai ma san makarantar da aka tura 'yarsa ba, talla kuwa tana nan tana jira. Ki karɓi sunayensu duka daga hedimasta, da sunan uba da unguwa da lambar waya. Ku raba sunayen a tsakaninku 'yan kwamiti, kowa ya ɗauki na kusa da shi. Idan an koma da mako biyu, kowa ya bi nasa ya gani: ta shiga ko ba ta shiga ba? In ba ta shiga ba, me ya hana? Sau da yawa abin da ya tsaya bai wuce yadi uku da takalmi ba, ko a samu dattijo ya je ya zauna da uban. Wannan aikin ba ya cin kuɗin asusu, kuma ban san wani aikin PTA da ya kai shi lada ba.

Kafin su fita, a duba yadda aka rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa a takardar kammala firamare. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a rajista. Yau abin dariya ne, amma gaba, ranar rajistar WAEC ko NECO, ko JAMB da ba a yi sai da lambar NIN, sai ki ga uba yana zarya tsakanin kotu da ofis don gyara harafi ɗaya. Ku tunatar da iyaye su karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a daidaita komai da ita. Ku kuma roƙi masu fita su bar yunifom da littattafan da ba su lalace ba, a wanke a ajiye wa marayun da za a ɗauka.

Batun miƙa ragama kuma, ki duba tsarin mulkin ƙungiyarku, idan akwai. Idan babu, rubuta shi yana cikin aikin hutun nan, ko shafi biyu ne. Wa'adin wa ya ƙare? Wane ne ɗansa na ƙarshe ke fita bana? Ra'ayina shi ne a yi zaɓe a taron ƙarshen shekara, ba a farkon sabuwa ba, domin tsofaffi da sababbi su yi hutun tare. Canza masu sa hannu a banki kaɗai yana cin makonni, sai an kai wasiƙa da kwafin bayanin taron da aka yi zaɓen, kuma wannan bayanin ke za ki rubuta shi. Na taɓa karɓar wata makaranta bayan dogon hutu na tarar an yi wa hedimastan da na gada canji, shugaban PTA ya tashi daga garin, ma'aji kuma Allah ya yi masa rasuwa a cikin damina. Kuɗi na nan a banki, ba mai iya taɓa su, littafin lissafi kuwa sai bayan sadakar arba'in iyalansa suka gano shi a cikin akwati. Zango guda cur muka yi muna sayen alli da aljihunmu. Ba wanda ya ci ko kwabo, rashin rubutu ne kawai da rashin ajiye abu inda ya dace. Tun daga nan na ce littafin taro, da na kuɗi, da rasit, da hatimi, a ofishin makaranta suke kwana, kuma a rubuta takardar miƙawa mai jera duk abin da aka miƙa, mai bayarwa da mai karɓa da hedimasta su sa hannu.

Ki ƙara da shafi guda daga gare ki, wanda ba na doka ba: abin da kuka gwada ya yi, abin da bai yi ba, kafintan da ya cika alkawari, farashin da kuka sayi kaya bana. Wadda za ta gaje ki za ta yi miki addu'a.

Godiya ba ta bukatar kasafi. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Wasiƙa mai hatimi ga mai shagon da ya ba da buhun siminti, ziyara ga mai unguwa, ambaton sunan mai shara da maigadi a gaban taro, sabulu ko turmin atamfa ga malamar da ba ta taɓa makara ba. Allunan karramawa masu tsada da ake bai wa manyan baƙi, ni dai ban ga abin da suka taɓa ƙara wa makaranta ba.

To, sai bikin. Bayan an biya bashi, an ware na maigadi da malaman PTA, an ajiye abin da za a buɗe makaranta da shi, wato alli da rajista da tsintsiya da kuɗin sare ciyawa, abin da ya saura shi ne na biki. Kada a ƙaƙaba wa iyaye sabon kuɗi dominsa, balle rigar yaye ɗalibai da hula mai tunku ga 'yan aji shida. A yi shi da safe a gama kafin azahar, don hadarin yamma, kuma don kada yara su bushe a rana ana jiran babban baƙo. Kyauta kada ta tsaya kan na ɗaya da na biyu da na uku, waɗanda kowace shekara su ne dai. A ba wanda bai taɓa fashi ba, da wadda ta fi tsafta, da wanda ya taso daga na arba'in ya dawo na goma sha biyar. Littafin rubutu da biro sun isa. Idan wani mai neman kujera ya tashi ya yi alkawarin gina aji, ku tafa masa, ki rubuta a littafin taro da kwanan wata, ku bi shi da wasiƙar godiya mai tunatarwa, amma kada ma'aji ya sa shi a layin kuɗin shiga.

Kafin ku watse ranar, ku tsayar da ranar zaman farko na sabuwar shekara, ya kasance mako guda kafin yara su dawo, ku kuma sa mutum biyu da za su riƙa leƙa makarantar duk bayan ruwa mai ƙarfi. Lambar wayar maigadi ta kasance a wayarki, taki kuma a tasa.